Masu Raina Littafin Labari Ba Su Iya Karanta Tarihi Ba

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan boko da wasu malamanmu: wai mai hankali tarihi yake karantawa, ƙagaggun labarai kuwa na 'yan mata ne da marasa aikin yi. Tarihi gaskiya, labari ƙarya, shi ke nan an rufe zance. Za ka ji ta a ɗakin malamai, ka ji ta a majalisar hira, ka ji ta a bakin uban da zai fizge littafi daga hannun 'yarsa bai ko duba sunansa ba. Ni ban yarda da ita ba. A ganina ma ta yi mana ɓarnar da ta fi ta duk wani littafin banza da aka taɓa bugawa a Kano.

Mu fara da tarihin da ake taƙama da shi. Ɗauki tarihin sarakunan Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908. Tun daga Bagauda har zuwa Sarki Muhammadu Bello, abin da za ka tarar shi ne wane ya hau, ya yi shekara kaza, ya yaƙi wane, ya faɗaɗa ganuwa. Littafi ne mai daraja, babu mai musu. Amma idon marubucinsa a kan fada yake. Ina matar da ta daka hatsin da mayaƙan suka yi guzuri da shi? Ina bawan da ya kwaɓa ƙasar ganuwar? Ba su samu shiga ba. Shi ya sa har gobe ake neman littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta aka buga a 1954: a cikinsa ne aka ji mace talaka tana ba da labarin aure da kishi da harin masu kamun bayi kamar yadda ta gani.

Wannan giɓin da tarihin fada ya bari, masu ƙaga labari ne suka fi cike shi. A gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki, wani malamin makaranta daga Bauchi ya aiko da Shaihu Umar. An sace yaro, ya bi hannu zuwa hannu har ƙetaren Sahara. Uwarsa ta bazama nemansa, ita ma aka mayar da ita baiwa, ba su haɗu ba sai dab da rasuwarta. Masana sun yi rubutu mai yawa kan cinikin bayi ta hamada, da hanyoyinsa da kasuwanninsa, amma kaɗan ne cikinsu za su sa ka ji abin da uwa take ji idan aka raba ta da ɗanta. Malamin nan shi ne Abubakar Tafawa Balewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Shi ma marar aikin yi ne?

Sai a ce ai wancan adabin dattawa ne, abin da ake ƙi shi ne Adabin Kasuwar Kano. To, mu buɗe ɗaya. A Alhaki Kuykuyo Ne, wanda Balaraba Ramat Yakubu ta fitar a 1990, Alhaji Abdu ɗan kasuwa ne mai hali, amma yana ƙuntata wa uwargidansa Rabi da 'ya'yanta a cefane. Ya auro Delu, rigima ta tashi, ya kori Rabi da yaranta. Ta kama sayar da abinci, ta riƙe su, ta tsaya da ƙafarta. Da gobara ta cinye shagonsa, amarya ta juya masa baya, sai aka taru a kan Rabi, lallai ta koma ta rufa masa asiri. Duk wanda zai rubuta tarihin gidan Bahaushe a shekarun tsuke bakin aljihu na zamanin Babangida, in bai karanta wannan ba, aikinsa da saura. A 2007 aka cinna wa littattafan Hausa wuta a Kano da sunan gyaran tarbiyya. A 2012 wani kamfani a Indiya ya buga fassarar Ingilishi da Aliyu Kamal ya yi wa littafin Balaraba. Mu muna ƙonawa, wasu suna nazari.

Na baya-bayan nan ma haka suke. Labarin da ya lashe gasar Hikayata ta BBC Hausa a karon farko, a 2016, sunansa Sansani, kuma kan 'yan gudun hijirar rikicin Boko Haram yake. A shekarar ce Abubakar Adam Ibrahim ya ci kyautar adabi ta NLNG da Season of Crimson Blossoms, labarin wata dattijuwa da mijinta ya rasu da wani matashi ɗan daba da 'yan siyasa ke amfani da shi, ga kuma tabon rikicin Jos a bayansu. Rahoton kwamitin bincike zai ba ka adadin gidajen da aka ƙone. Ba zai gaya maka yadda yarinyar da ta ga an kashe mahaifinta take kwana ba.

Waɗanda aka fi rainawa su ne littattafan binciken laifi, irin na Agatha Christie da na James Hadley Chase da yayyenmu suka riƙa ɓoyewa a ƙarƙashin katifa a makarantun kwana. A nan ne masu rainin suka fi yin asara. Me irin wannan littafi yake koya maka? An sami gawa, shaidu biyar, kowa da nasa zancen. Dole ka tambaya: wa ya faɗa, a ina yake lokacin, me zai samu in an yarda da shi, me ya ƙi faɗa? A Lightseekers na Femi Kayode, wanda ya fito a 2021, taron jama'a ne suka kashe ɗalibai uku a wani gari kusa da Fatakwal, abin da ke tuna wa mai karatu kisan ɗalibai huɗu a Aluu a 2012. Kowa ya ga hoton bidiyon, kowa ya ɗauka ya san abin da ya faru. Aikin mai binciken shi ne ya ƙi yarda da abin da kowa ya sani, ya tono wanda ya hura wutar.

Wannan ita ce sana'ar masanin tarihi, ba wata ba. Da waɗannan tambayoyin Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman suka tunkari labarin Bayajidda da fassarorin Turawan mulki a Jami'ar Ahmadu Bello: wa ya rubuta, yaushe, don amfanin wa? Wanda ya tashi da cewa duk abin da aka kira tarihi gaskiya ne, shi ne zai haddace jerin sarakuna ya ɗauka ya gama. Shi ne kuma zai tura saƙon WhatsApp da aka liƙa wa tsohon hoto, don kawai an rubuta "tarihi" a samansa.

Ba na cewa duk abin da aka ƙaga zinariya ne. Akwai tarkace jibge: labaran da aka kwafo daga finafinan Indiya, batsar da ake sayarwa babi-babi ta waya, rubutun da ba ruwansa da ƙa'ida, ba a bambanta ƙ da k. Amma a rumbun tarihi ma akwai ƙaiƙayi. Littattafai nawa aka rubuta don yi wa wani basarake ko gwamna kirari, aka yi bikin ƙaddamarwa, attajirai suka saye kwafi da miliyoyi, ba a sake buɗe su ba? Ba wanda ya ce a daina karanta tarihi saboda su. Don me za a yanke wa labari hukuncin da ba a yanke wa tarihi ba?

Abin da adabinmu yake buƙata editoci ne masu gyara, da masu sharhi masu karantawa kafin su buɗe baki. Malamin tarihi a sakandare ya haɗa wa ɗalibansa Shaihu Umar da darasin cinikin bayi, ya sa su gano inda biyun suka dace da inda suka saɓa. Uba ya karɓi littafin 'yarsa ya karanta, sannan su tattauna. Wanda kuma ya tashi kushe wani littafi, ya faɗa mana sunansa, da marubucinsa, da shafin da laifin yake. In ya kasa, bai karanta ba, kuma ba mu da dalilin sauraronsa.