Shawarar wata: ƴan biyu, nono biyu

Wani ɗalibina na yaƙi da jahilci ya samu ƙaruwa, Hasan da Husaini. Ana cikin barka sai tsofaffi suka ce nono ba ya isar biyu, a ba Husaini madarar akuya.

Kada a yi haka. Yawan tsotso shi ke kawo nono. Tun daga dakashi har wata 6, nonon uwa kaɗai, ba ruwa, ba bauri, ko da bazara ce. Amma ɗaya kan fi ɗaya ƙarfin tsotso, sai uwa ta riƙa musanya masu mama. In ƙaramin ya cika barci, a tashe shi ya sha. Wanda bai kai kilo 2 da rabi ba, a ɗora shi ƙirjin uwa, jiki da jiki, a rufe da zane.

Maigida, aikinka bai ƙare ga ragunan suna ba. Mai jego na son wake, da fura, da mai ɗauke mata daka. Ranar awo ka raka ta likita, Magariya ko Dungas. Tunda ka iya lissafi, duba katin kowanensu da kanka. In ɗaya ya ƙi mama, ko jikinsa ya yi zafi, kada ku kwana gida.