Gansakukar teku: Tirela ta fi fim ɗin daɗi

Mai karatu, idan kana da waya mai shiga intanet, da wuya a ce ba ka ci karo da tallan nan ba. Wata baiwar Allah ce za ta bayyana, fuska sumul kamar ƙwai, riƙe da kwalba mai ɗauke da wani abu mai kauri kamar kamu, ta ɗebo cokali guda ta kai baki, ta lumshe ido. Daga nan sai lissafi ya fara: yana gyara fata, yana rage teɓa, yana ƙara kuzarin maigida, yana sa haihuwa, yana wanke ciki, yana saukar da hawan jini, yana maganin suga. Wasu ma har da kansa suke haɗawa. Sunan abin a jikin kwalba sea moss, wato gansakukar teku, wata ciyawa ce da ke tsirowa a cikin ruwan teku.

Na san wani zai ce, to kai da aikinka sharhin fim, ina ruwan biri da gada? Da ruwana mana. Abin da ya ɗaga wannan ciyawa daga bakin teku ya kawo ta cikin wayoyinmu ba likitoci ba ne, taurari ne da kyamara. Kuma duk wanda ya san zamanin kaset ya san cutar da aka sha yi mana da tirela: a tsinto rawa biyu da faɗa ɗaya a haɗa, a ɗora murya mai amo, ka ruga kasuwa ka sayo, ka zo gida ka tarar fim ɗin fanko ne. Wannan talla ma tirela ce, shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu kalli ainihin fim ɗin tun daga farko.

Ita dai wannan ciyawa ba sabuwa ba ce. Asalin wadda ake kira da wannan suna, wadda masana ke ce wa Chondrus crispus, tana fitowa ne a kan duwatsun gaɓar Tekun Atilantika, a ƙasar Ayalan da arewacin Turai da Amurka. Talakawan Ayalan sun daɗe suna dafa ta, kuma a lokacin babbar yunwar da ta fara a 1845, da dankalinsu ya lalace, tana cikin abin da mazauna bakin teku suka rufa wa kansu asiri da shi. A Jamaika kuwa ana dama ta da madara da kayan ƙamshi a sha, maza na cewa tana ƙara musu ƙarfi. Kamfanoni su ma sun daɗe suna tatsar wani sinadari mai suna karajinan daga irin waɗannan ciyayi, wanda ake sa wa a askirim da man goge baki don su yi kauri. Ashe ke nan kai da kake tunanin ba ka taɓa ɗanɗana ta ba, wataƙila da ita ka goge baki yau da safe. Bugu da ƙari, da yawa daga abin da ake sayarwa da wannan suna ba ma ita ba ce, danginta ne da ake nomawa a kan igiya a ruwan Indunusiya da Filifin da Zanzibar, inda mata suka fara nomanta tun 1989, suna busarwa suna sayarwa da araha.

To yaya aka yi abincin talaka ya koma maganin kowace cuta? A nan ne jarumin fim ɗin ya shigo. Wani mutumin ƙasar Honduras ne mai suna Alfredo Bowman, wanda duniya ta fi sani da Dakta Sebi, duk da cewa bai taɓa zama likita ba, ba shi da lasisi. Ya yi suna a Amurka da iƙirarin cewa majina ce tushen cututtuka, kuma wai yana warkar da har ƙanjamau. A 1987 hukuma a Niyok ta gurfanar da shi kan yin aikin likita ba izini, kotu ta sallame shi, amma a wata ƙarar ta daban aka cimma yarjejeniyar hana shi iƙirarin warkarwa da kayansa. Ya rasu a 2016 yana tsare a ƙasarsa. Mabiyansa ne suka fi yaɗa zancen wannan ciyawa. Sai ga Kim Kardashian a 2020, shekarar korona, ta sanar da miliyoyin mabiyanta cewa tana sha. A 2022 kuma wani kantin masu kuɗi a Los Anjalis mai suna Erewhon ya fito da wani abin sha da sunan Hailey Bieber, da gansakukar a ciki, kofi ɗaya dala 17. Shi ke nan, kasuwa ta buɗe. Ka duba jerin nan da kyau, mai karatu: mai maganin gargajiya, tauraruwar talbijin, mai tallan kaya. Ina likita a ciki?

Babbar waƙar fim ɗin, wadda kowane mai talla ya haddace, ita ce wai ciyawar tana ɗauke da sinadarai 92 daga cikin 102 da jikin ɗan'adam ke buƙata. Wallahi duk wanda ya zauna ajin kimiyya a sakandare ya kamata ya yi dariya. Gaba ɗaya sinadaran da ke cikin jadawalin da aka koya mana 118 ne, kuma waɗanda jikinka yake buƙata ba su wuce 20 da 'yan kai ba. To daga ina aka samo 102? Idan kuwa da gaske za a cika 92, dole a haɗa da zaiba, da asanik, da dalma, ita dalmar da gubarta ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara a 2010. Kai, sinadari na 92 a jadawalin ma yuraniyom ne, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar. Shi ake so ka sha da cokali? Wannan lissafi dai daga bakin masu talla ya fito, kowa yana kwafa daga ɗan'uwansa, kamar yadda ake kwafar labarin fim ɗin Indiya a canza wa jarumi suna.

Kada a ce na yi son kai. Ciyawar abinci ce, kuma tana da abin kirki a cikinta: akwai harza mai taimaka wa hanji, akwai sinadarin ƙarfe da maganiziyom, akwai aidin. Amma fa a tambayi nawa. Cokali biyu na ɗanyarta, kimanin giram 10, ƙarfen da ke ciki bai kai miligiram 1 ba. Abin da ke cikin kwalba kuwa an jiƙa shi an markaɗa da ruwa, saboda haka mafi yawan abin da ka biya kuɗi ka saya ruwa ne. Kwanon wake da zogale, ko miyar kuka da ɗan kifi, sun fi wannan cokali amfani nesa ba kusa ba, kuma ba sai an auno maka su da dala ba.

Masu talla za su ce ai an yi bincike. E, an yi. Amma a kan wa? Galibin binciken da aka yi a kan wannan ciyawa an yi shi ne a cikin kwalaben ɗakin gwaji, ko a jikin ɓeraye, ko wasu mitsi-mitsin tsutsotsi. Babu wani babban gwaji da aka yi a kan mutane da ya tabbatar tana rage ƙiba, ko tana sa haihuwa, ko tana warkar da suga. Magunguna nawa ne suka yi aiki a jikin ɓera, da aka zo kan mutum suka faɗi warwas? Wanda ya nuna maka sakamakon ɓera ya ce ka daina shan maganin asibiti, kamar furodusan da ya nuna maka fosta ne ya ce ka biya kuɗin fim ɗin da ba a ɗauka ba.

Yanzu ga inda abin ya daina ba da dariya. Aidin da ke cikin ciyawar teku zuma ne, ga zaƙi ga harbi. Babban mutum yana buƙatar maikirogiram 150 ne kacal a rana, kuma hukumomin lafiya na Amurka sun sa iyaka a 1,100. Rashinsa na kawo maƙoƙo, shi ya sa tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa shi a gishiri, wato kana samun rabonka a miyar gidanku. Yawansa kuma yana birkita ƙullin nan na wuya da ake kira tayirod, ya sa shi aiki fiye da kima ko ya kasa aiki: bugun zuciya, rawar hannu, rama, zufa, rashin barci. Matsalar ita ce yawan aidin a ciyawar teku ya danganta da irinta da ruwan da ta fito, kwalba biyu masu suna ɗaya na iya bambanta sosai, kuma mai sayar maka a Instagram bai auna ba. A Ostireliya, a Disambar 2009, sai da aka janye wata madarar waken suya mai suna Bonsoy daga kasuwa saboda an sa mata wata ciyawar teku mai suna kombu, mutane suka yi ta kamuwa da ciwon tayirod, har da jarirai ta hanyar iyayensu mata. A 2014 aka sasanta ƙarar kan dalar Ostireliya miliyan 25. Kombu ba gansakukar da muke magana ba ce, ta fi ta aidin, amma darasin ɗaya ne. Mai ciki, da mai shayarwa, da mai maƙoƙo, su ne suka fi shiga haɗari, kuma abin takaici su ne masu talla suka fi yi wa kirari.

Haka nan ciyawar teku tana zuƙar duk abin da ke cikin ruwan da ta tsiro, har da ƙarafa masu guba idan ruwan gurɓatacce ne. A 2004 hukumar kula da abinci ta Ingila ta gargaɗi jama'a da su guji cin wata iri mai suna hijiki saboda asanik. To taka kwalbar, wa ya san ruwan da aka tsamo ta? Wa ya san a bahon wa aka markaɗa ta? Ga shi abu ne mai ruwa-ruwa da ke buƙatar firij, a garin da wuta ke zuwa kamar baƙo.

Wani zai ce ai daga Amurka aka kawo, da ba ta da kyau da an hana. Haba malam! A Amurka, tun dokar 1994, kayan ƙarin abinci ba sa bin layin da magani ke bi. Kamfani ba ya buƙatar ya tabbatar wa hukumar FDA cewa kayansa na aiki kafin ya kai kasuwa. Cikin abin da ake nema akwai ya rubuta a jikin kwalba cewa hukuma ba ta tantance iƙirarin ba, kuma kayan ba don warkar da wata cuta aka yi su ba. Juya kwalbar ka duba, rubutun na nan da ƙananan haruffa, kamar sunayen 'yan bayan fage a ƙarshen fim waɗanda ba mai tsayawa karantawa. A nan gida ma, magungunan gargajiya masu lambar NAFDAC suna ɗauke da irin wannan rubutu, cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin ba. Lambar ba shaidar warkarwa ba ce. Balle wanda ko lambar ba shi da ita.

Sai masu cewa Turawa ne ke ɓoye maganin don kada kasuwar asibiti ta mutu. Wannan labari ya yi kyau da fim, ga bos ga jarumi, amma bai zauna ba. Kamfanonin nan da ake zargi, su ne fa suke sayen ciyawar tan-tan suna sarrafawa shekara da shekaru. Da sun ga maganin suga a ciki, kana jin za su bari ya tsaya a askirim? Da tuni sun matse shi a ƙwaya sun sa masa farashi.

Akwai kuma mai cewa, "Ni na sha, kuma na ji daɗin jikina." Ban ƙaryata ki ba, Hajiya. Amma wadda ta kashe kuɗi ta sayi abu da niyyar gyara jiki, yawanci takan rage lemon kwalba, ta ƙara shan ruwa, ta kula da abin da take ci. Wanne ne ya yi aikin? Fatar mai talla kuwa, ku tambaye mu da muke zuwa lokeshin. Mun san abin da hoda da fitila da tacewar kyamara ke yi wa fuska. Mun ga an mai da mai ƙuraje amarya cikin minti ashirin, ba tare da ta sha cokali ko ɗaya ba.

Kirana na musamman ga 'yan fim ɗinmu ne, maza da mata. An riga an san yadda shafukanku suka zama rumfunan talla, daga man shafawa zuwa kayan mata. Neman halak ba laifi ba ne. Amma tallan atamfa daban, tallan abin da za a haɗiya daban. Matar da ke ƙauye ba ta san Kim Kardashian ba, ke ta sani, ke ta yarda da ke. Idan kika ce mata yana maganin suga, ta ajiye ƙwayarta ta asibiti, ƙafarta ta ruɓe, kuɗin tallan ba zai biya wannan alhaki ba. Kafin ka karɓi kwangila, tambayi mai kayan: ina lambar hukuma, ina takardar gwaji, aidin nawa ne a cokali? In ya fara kame-kame, ka san inda aka dosa.

Kai kuma mai karatu, in kana sha'awar ɗanɗanawa a matsayin abinci, kuma lafiyarka ƙalau, kuɗinka ne, ɗan kaɗan ba zai kashe ka ba. Amma in kana da hawan jini, ko suga, ko maƙoƙo, ko iyalinka na da juna biyu, ka nemi likita ko ma'aikacin lafiya tukuna, kuma kada ka kuskura ka ajiye maganinka saboda bidiyon minti ɗaya. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ba mu lafiya, ya kare mu daga sayen tirela. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.