Akwatin Haske: Me Zai Hana Marubutan Dutsi Su Buga Nasu?

Maƙalar wannan makon ta ɗan kauce wa alƙalami, ta shiga shagon kafinta.

Ra'ayina shi ne, duk ƙungiyar marubuta da ke ƙaramin gari irin Dutsi ya kamata ta haɗa wa kanta akwatin haske na buga zane da raga, wato sana'ar nan da masu buga riguna ke kira sikirin. Yau idan za mu ƙaddamar da littafi, ko mu yi taron karatu, rigar taro da kyallen sanarwa da bangon ɗan littafin waƙoƙi duk sai an kai Daura ko Katsina, wani lokacin har Kano. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa a ɗage taro.

Ga yadda aikin yake. Ana ɗaure raga mai ƙananan idanu a jikin firam na katako, a shafa mata wani sinadari da ake kira imalshan, a bar ta ta bushe a duhu. Sai a buga zanen da baƙar tawada mai kauri a kan farar leda ta firinta wadda haske ke ratsawa, a manna a jikin ragar, a haska. Duk inda hasken UV ya taɓa, sinadarin zai daskare. Inda baƙin zane ya tare hasken kuwa, ruwa zai wanke shi, idanun ragar su buɗe. Ta waɗannan idanun fenti ke bi ya sauka kan riga ko kwali idan an ja shi da roba.

Akwatin shi ne wurin haskawar. Kafinta zai ƙera shi da falanki, zurfinsa kamar santimita 20. A shimfiɗa takardar alminiyom a ciki, a jera igiyoyin ƙwan LED masu hasken UV, irin masu lamba 395 zuwa 405, da tazara iri ɗaya don kada wani gefe ya fi wani samun haske. A rufe sama da gilashi fari tas mai kaurin milimita 5 ko 6. Zane a kan gilashi, raga a kan zane, sai baƙin soso da abu mai nauyi a danne, domin ko 'yar tazara ce tsakanin zane da raga, haske zai kutsa ya cinye ƙananan haruffa. Mu da rubutunmu ke cike da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, wannan dannewar ita ce rabin aikin. Ƙugiya ɗaya ta ɓace, ɓata ta koma bata.

Akwai irin waɗannan ƙwayayen da ke aiki da wuta bolt 12, don haka batirin sola ya wadatar, ba sai an jira an kawo wuta ba. Tsawon lokacin haskawa kuwa gwaji ke nuna shi: a raba raga kashi biyar, a haska kowane kashi na lokaci daban, a wanke, a rubuta wanda ya fi fita a jikin akwatin. Kada kuma a kalli hasken kai tsaye, yana cutar da ido.

Wani zai ce ai rana kyauta ce. Gaskiya ne, rana tana yi. Amma ranar bazara daban, ta hazon hunturu daban, ta gajimaren damina daban. Lokacin da ya yi daidai jiya zai iya lalata raga yau, kuma imalshan da kuɗi ake sayensa. Akwati kullum haskensa ɗaya ne, ko da dare.

Wani kuma zai ce marubuci ya tsaya ga rubutunsa. To, mu waiwayi tarihinmu. Adabin kasuwar Kano bai jira manyan kamfanonin ɗab'i ba. Marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Ado Ahmad Gidan Dabino sun yi tashe ne a zamanin da marubuci ke kai littafinsa maɗaba'a da kansa, ya bi kasuwa da shi. A Botswana ma, ƙungiyar Medu ta 'yan gudun hijirar Afirka ta Kudu, wadda mawaƙi Mongane Wally Serote ke cikinta, da wannan ragar ta riƙa buga fastocin yaƙi da wariyar launin fata har zuwa 1985.

Akwatin ba zai buga mana shafukan cikin littafi ba, kuma hoto mai launuka barkatai aikin injin zamani ne. Amma bango mai launi ɗaya ko biyu, da rigunan 'yan makaranta, da jakunkunan biki, duk yana yi. Wanda ya buga rigunan saukar Islamiyya ɗaya ya samu abin sayen takardar littafinsa ba tare da ya tsaya a ƙofar wani ɗan siyasa ba. Marubucin da ba ya roƙon kuɗin ɗab'i kuwa, shi ke iya rubuta abin da ya ga dama.

Shawarata ita ce a yi karo-karo a haɗa guda ɗaya, a tura mutum biyu su koyo wajen masu sana'ar a Daura ko Katsina. A cikinmu wa ya taɓa aiki da raga? Ya faɗa mana irin imalshan da ake samu a kasuwanninmu. Allah Ya ƙara basira.