A Kai Yara Inda Kayan Aiki Suke

Bayan farashin kaya, ga wata magana da ta shafi 'ya'yanmu na ƙaramar sakandare.

A shekarar 2025 Gwamnatin Tarayya ta sanar da sabuwar manhaja, wadda a cikinta yaro zai ɗauki sana'a guda: ɗinki, ko kiwo, ko noman lambu, ko kwalliya, ko gyaran waya da kwamfuta, ko haɗa wutar sola. Madalla. Amma fa mun taɓa ganin irinta. A 1982 aka fara tsarin 6-3-3-4, aka ce yara za su koyi kafinta da aikin ƙarfe da na lantarki. Aka yi odar injuna daga ƙasashen Gabashin Turai. A makarantu da dama sai suka tsufa cikin akwatunansu, don babu ɗakin aiki, babu wuta, babu malamin da ya san kansu. Yaro ya zana zarto a littafi, ya ci jarrabawa, bai taɓa yanka katako ba.

To, abin da makaranta ta rasa, a kasuwa yake. Keken ɗinki yana hannun telolinmu. Masu gyaran waya sun cika Farm Centre a Kano. Maƙera da dukawa ba su bar aikinsu ba. Shawararmu ita ce, shugabannin kasuwa su zauna da shugabannin makarantun unguwa, a tsara yadda yara za su riƙa zuwa rumfuna ran Asabar da lokacin hutu, ƙarƙashin idon malaminsu. Da sharaɗi: koyo suka zo yi, ba aike ko dako ba, kuma kada a taɓa musu lokacin aji ko na makarantar allo.

Wani zai ce, ni ɗana shago zai gada, ina ruwansa da allura? Haba Alhaji! Wanda ya taɓa yanka yadi shi ya san mai zuba da mai kama rini, ba a yi masa rufa-ido a Kantin Kwari. Dillalin da ya san cikin waya ba ya karɓar gyararriya a kuɗin sabuwa. In kuma kasuwa ta juya baya, ko gobara ta faɗa, Allah ya kiyaye, sana'ar hannu ba ta ƙonewa tare da kaya.

Mu ma muna da abin koyarwa: yadda ake ware uwar kuɗi da riba, da rubuta bashi, da riƙon amana. Gwani da yawa ya karye don bai iya wannan ba.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kowace ƙungiyar kasuwa ta sa maganar nan a zamanta na gaba. Allah ya sa albarka a nema, ya shirya mana zuri'a, amin. Wassalam.