Inda matar yayana ta tsaya a Dutsen Dala

A Jabo yanzu gero ya shiga rumbu, ana ta roron wake, dawa ta sunkuyar da kai tana jiran girbi. Kin kuma san halinmu, amfanin gona na zuwa hannu sai a shiga ɗaurin aure. Shi ya sa ba ki ga shafin nan ba makon jiya. Amarya muka kai Kano, 'yar ƙanen babanmu, mota biyu cike da mata da yara da kwanukan alkaki.

Rigimar dutse tun a hanya ta soma. Muna wuce Gusau ɗana mai shekara tara ya hango Dutsen Kwatarkwashi ta taga, ya saki baki. Yaron da ya tashi a ƙasar Tambuwal bai san wani dutse ba in ban da 'yan tuddan marmara da akuya ke hayewa tana tuƙa. Ya ce lallai sai a tsaya ya hau. Direba ko waiwaye bai yi ba, ni ma ban ga laifinsa ba, don hanyar nan ba ta tsayuwar shan iska ba ce a wannan zamani. Don in rufe masa baki na ce in mun isa Kano zan kai shi Dala. Na ɗauka zai manta, amma ina.

Gidan da aka sauke mu yana cikin birni, ba nisa da dutsen. Ranar Lahadi bayan an karya, wajen bakwai da rabi, muka fita: ni, yarana biyu, matar yayana da goyonta ɗan wata bakwai, Gwaggo, da wani saurayi ɗan gidan da ya yi mana jagora. In za ki je, ki nemi irin wannan rakiyar, ki kuma tafi da safe. Rana ba ta yi zafi ba, hazon hunturu bai sauko ya rufe gari ba tukuna, waɗanda ba ki son haɗuwa da su a saman kuma ba su fito ba. Ki sa takalmin da ya kama ƙafa, ki riƙe ruwa, ki tattare hijabi a hannu ɗaya, don ni kaina sau biyu ina taka nawa.

Gwaggo ce ta fara ƙorafi tun daga gindin dutsen. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta ce, "Ke ɗiyata, mi munka aje can bisa da za mu ɗauko?" Na ce tarihi, Gwaggo. A nan Barbushe ya zauna yana yi wa mutanensa tsafin Tsumburbura, tun kafin Bagauda ya zo a shekarar 999 kamar yadda Tarihin Kano ya kawo, kuma tun kafin nan ana narka tama a wurin. Ta ce to ita ba ta da haɗi da Barbushe, amma tun da an zo ba ta komawa gida a ce ta ji tsoron tudu. Ta ɗaure zane ta shige gaba.

Littattafai suna cewa tsayin Dala mita 534 ne. Kada wannan ya tsorata ki, daga bakin teku ake aunawa, Kano kanta kuma a kan tudu take. Abin da ƙafarki za ta taka matakala ce ta siminti. Ɗana ya ƙirga ya sami 101, ƙanwarsa ta rantse 98 ne, har yau ba a raba gardamar ba.

Ba mu wuce ta talatin ba na waiwaya na ga babu matar yayana a bayana. Tana zaune a kan matakala, ta dafa gwiwa, baki buɗe. Na sauko. Ta yi murmushi ta ce, "Ku tai, ni in tsare muku kaya nan." Kin san maganar nan, ke ma kin sha faɗinta. Duk inda aka je uwa ce mai riƙon jaka da takalman yara, kowa ya tafi ya dawo ya same ta. Saura kaɗan in karɓi maganar in wuce, don yara na ta kirana daga sama.

Abin da ya tsayar da ni Gwaggo ce. Mace ta haura sittin, ga ta can gaba tana hawa tana mita, numfashinta ƙalau. Wadda ba ta cika talatin ba kuma ta kasa haɗa magana ɗaya ba tare da ta tsaya ta ja iska ba. Na kwance goyon na miƙa wa saurayin, na kama wuyan hannunta ina duban agogo. Mun yi minti biyar a zaune, bugun zuciyarta bai sauko daga 120 ba.

A wannan lokacin tsoro ya kama ni, kuma ba ƙaramin tsoro ba. Akwai ciwon zuciya da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, zuciyar ta saki ta kasa tura jini yadda ya kamata. Arewa maso yammacin Nijeriya na cikin wuraren da aka fi ganinsa a duniya. Likitoci a Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka kuma yi zargin wankan jego mai tsananin zafi da kunun kanwa na ƙara wa zuciya nauyi. Na ga matan da ya kwantar, na ga waɗanda aka kawo a makare. Don haka na danna ƙaurinta da babban yatsa in ga ko zai lotsa. Bai lotsa ba. Na tambaye ta ko tana iya kwanciya miƙe da dare, ko sai ta tara matasan kai, ko tari na tashinta daga barci tana neman iska. Ta ce a'a. Na ɗan sami natsuwa, amma ban saki jiki ba.

Sai na ja fatar idonta ta ƙasa. Inda ya kamata in ga ja, fari na gani. Tafin hannunta haka, harshenta haka. Na ce, "Yaya, tun yaushe kike jin haka?" Ta ce tun damina. In ta ɗebo ruwa sai ta zauna, in ta miƙe jiri, kunnenta na ƙara, kuma kwanan nan ba abin da take sha'awa kamar farar ƙasa. Na ce me ya sa ba ta faɗa mini ba? Ta ce, "Gajiyar raino ce, wa za ni kai wa ƙara?"

Ni ce na ji kunya. Katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Kullum ina auna jinin matan mutane a wurin aiki, ita kuma ina ganinta safe da yamma ban lura ba. A tsakar gida abin yana ɓoyuwa, domin ƙasa a shimfiɗe take, mace ta yi taku goma ta jingina da turmi, ta yi shara rabi ta zauna da sunan ba yaro nono, ba mai cewa komai. A matakala kuwa babu inda za a fake.

Ta ce lallai in hau kada yara su ji haushi. Gwaggo ta riga ta kai, ta leƙo tana yi mana kirari. Na bar ta a inuwa da ruwa da saurayin nan, na hau da sauri, rabin hankalina na ƙasa. Duk da haka ba zan ɓoye miki ba, saman ya biya wahala. Birni ne shimfiɗe ko ta ina, rufin kwano da soraye na ƙasa a cakuɗe, lunguna kamar zare. Ga Goron Dutse can yana fuskantarmu, ga hasumiyoyin Babban Masallacin Juma'a kusa da gidan Sarki, ga wajen Kasuwar Kurmi. Iskar kaka na kaɗawa, busasshiya mai ɗan sanyi. Hayaniyar gari tana isowa a hankali, ƙahon A Daidaita Sahu da kukan zakara da karatun allo duk a haɗe. 'Yata ta tambaya ina Jabo, na nuna mata yamma, ta ƙura ido ta ce ta hango rumbun kakanta. Abin da ya ɓata mini rai shi ne shara da ledoji da ƙazanta a gefen dutsen. Wurin da ake cewa nan Kano ta fara bai cancanci haka ba.

Washegari kafin mu kama hanya na kai ta aka duba. Likita ya saurari ƙirjinta ya ce zuciya lafiya, muka yi hamdala. Gwajin jini da muke kira PCV kuwa ya nuna 24. Mace mai lafiya daga 36 take farawa. An sami zazzaɓin cizon sauro ma a jininta, wanda take ta dannewa da farasitamol tun watan Agusta.

Kada ki ɗauka labarinta daban ne. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, Jihar Sakkwato kuma na cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Ba abin mamaki ba ne in kin lissafa: jinin da aka zubar wurin haihuwa, haihuwa kusa da kusa, sauron damina, tsutsar ciki, sannan naman miya a tsame wa maigida da yara, uwa ta ci tuwo da romo.

Da muka dawo sai ga 'yan dubiya da lemon malt da madarar gwangwani, wai mai ƙara jini. An gode da zumunci, amma wannan sukari ne kawai, madara ma rage shigar sinadarin ƙarfe take yi in an haɗa ta da maganin. Shayi mai kauri a kan abinci shi ma haka. Abin da ke aiki shi ne a fara kashe zazzaɓin da tsutsar, a sha ƙwayar ƙarin jinin da aka rubuta kullum har wata uku ko fiye, ko da an ji sauƙi a mako na biyu. Bayan gida zai yi baƙi, wani lokaci ya yi tauri, ba wata cuta ba ce. Ki ɗora kwalbar inda hannun yaro ba ya kaiwa, don in ya haɗiye da yawa tana iya kashe shi. A kwano kuma a sa hanta ko sau ɗaya a mako, kifi, wake, zogale da alayyahu, a matsa lemon tsami a kai.

Ba sai kin je Kano za ki gwada kanki ba. Matakalar bene ta isa, ko gangaren da kike hawa in kin dawo daga rijiya. Haki kaɗan ba komai, kowa na yi. Amma in ba ki iya magana kina tafiya, ko kin zauna minti biyar zuciya ba ta lafa ba, je ki a auna jininki, gwajin ba ya ɗaukar awa guda. In kuma kina cikin watannin jego ga kumburin ƙafa, ga kasa kwanciya miƙe, kada ki gwada komai, kada ki jira gobe, asibiti za ki nufa yau.

Matar yayana dai a wayata ta ga saman Dala. Yau kwananta goma sha biyu tana shan magani, jiya na tarar da ita tana sussukar wake tana waƙa. Ranar kasuwa mai zuwa zan sake kai ta a auna. Ta ce in an je sunan amarya baɗi ita za ta ƙirga matakalar da kanta. Gwaggo kuwa ta cika unguwa da labari, a bakinta matakalar ta kai ɗari uku.