Babban Bankin Gana da Farashin Albasa a Kumasi

A littattafan da muke koyar da ɗalibai, aikin babban banki ɗaya ne: ya tsare darajar kuɗi. Idan farashi ya hau, sai ya ɗaga kuɗin ruwa, rance ya yi tsada, saye ya ragu, farashi ya lafa. A kan wannan tafarki dokar Babban Bankin Gana ta 2002 ta ginu, kuma tun 2007 bankin yake bin tsarin ƙayyade hauhawar farashi, wanda daga baya aka tsayar a kan kashi 8 cikin 100, da sassaucin maki biyu sama ko ƙasa. A allo darasin yana da kyau. A Adum kuwa, ni dai ban ga ya yi aiki ba.

A watan Disamba na 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 54.1 cikin 100. Kafin nan, a watan Oktoba, 'yan kasuwar Adum sun rufe shaguna saboda haraji da faɗuwar sidi. Amsar bankin ita ce ɗaga kuɗin ruwa, har ya kai kashi 30 a Yulin 2023. To, wa aka hukunta?

Mu dubi mutanen Zango. Albasar da ake saukewa a Kumasi daga Nijar take zuwa, tumatir da shanu da yawa daga Burkina Faso, kuma da sefa ake biya. Mai shago a Adum da dala yake odar kaya. Ranar da sidi ya faɗi, ranar farashi yake tashi, ko da mai saye ɗaya bai ƙaru ba. Sannan galibin waɗannan fatake ba sa taka ƙofar banki don rance. Wasu don gudun riba, wasu don ba su da jingina. Jarinsu adashi ne da bashin amana tsakanin dillali da mai gida. Ɗaga kuɗin ruwa bai rage musu tsadar sefa ba, sai dai ya ƙuntata wa ɗan masana'antar da zai iya sarrafa abin da muke shigowa da shi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, bankin da ke wa'azin tsuke bakin aljihu shi ne ya buɗe wa gwamnati lalitarsa. Gyaran doka na 2016 ya iyakance rancen da zai ba ta a kan kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar shekarar da ta gabata, amma a 2022 aka zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba. Da aka sake fasalin bashin gwamnati, bankin ya bayyana asarar sidi biliyan 60.8. Da hannun dama ya zuba kuɗi, da na hagu ya mari mai neman rance.

Wasu abokan aikina suna cewa maganin shi ne a mai da bankin mai raya noma da masana'antu. Ban yarda ba. Nijeriya ta gwada: a 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance daga babban banki a Kebbi, kuma karɓo bashin ya zama jan aiki, yayin da rancen da bankin ya ba gwamnatin tarayya ya haura naira tiriliyan 22. Bankin da ya kasa ce wa ministan kuɗi a'a, ba ƙarin aiki yake bukata ba.

Abin da nake nema bai kai haka yawa ba. A sa daidaiton canjin sidi cikin ma'aunin da ake auna gwamnan banki da shi, a fili, domin ta wannan ƙofa tsada take shigo mana. Kuma duk lokacin da aka ƙetare iyakar kashi 5, gwamnan ya tsaya gaban majalisa ya faɗi adadin da sunan wanda ya nema, kafin a fitar da kuɗin.