Raƙuman Dawa Da Manoman Kure

'Yan'uwa, duk wanda ya bi hanyar Doso zuwa Yamai yana iya ganin abin mamaki kusa da garin Kure: mace ɗauke da itace a ka, raƙumin dawa kuma tsaye gab da ita yana cin ganyen gawo, babu mai tsoron wani. Wurin ba gandun daji mai shinge ba ne, gonakin gero da wake ne na Zabarmawa, kimanin kilomita 60 daga Yamai.

A da irin wannan raƙumin dawa ya bazu tun daga Sanagal har Tafkin Chadi, har da arewacin Nijeriya. Farauta da fari da saran itatuwa suka kusa ƙarar da su. Da aka ƙidaya a 1996, guda 49 kaɗai suka rage, dukansu a wannan yanki. Gwamnatin Nijar ta hana kashe su, mutanen ƙauyuka kuma suka haƙura da zama da su, har zuwa 2018 suka haura 600, aka ɗebi takwas aka kai Gadabeji a jihar Maradi.

Mun ce haƙuri domin zaman ba na kyauta ba ne. Raƙumin dawa na son wake, yana son mangwaro, kuma da wannan dogon wuya nasa babu dangar da za ta tare shi. Manomin da ya wayi gari ya tarar an yi masa ɓarna, alhali doka ta hana shi ɗaga hannu, ai shi ya ɗauke wa duniya nauyin raya dabbar nan.

Abin da ke rage masa zafi a da shi ne baƙi masu zuwa kallo, da kuɗin da 'yan rakiya ke samu. To, a watan Agusta na 2020 'yan bindiga suka kashe mutum takwas a Kure, Faransawa shida da direbansu da ɗan rakiya. Ƙafar baƙi ta ɗauke, raƙuman kuwa ba su daina cin wake ba.

A ganinmu, hukumomi da ƙungiyoyin da ke alfahari da yawan raƙuman nan, wajibi ne su riƙa biyan manomi diyyar amfanin gonarsa a kan lokaci, kafin haƙurinsa ya ƙare. Su kuma tsawata wa masu sarar itatuwan yankin suna kaiwa Yamai don girki, domin idan gawo ya ƙare, gonar talaka raƙumin zai nufa.